Ina Tsohuwar Nan Mai Shara?

Hoton Kaka ya fi ƙofar gidanmu tsawo. An buga shi a kan leda mai kauri, aka ɗaure a bakin lungunmu a Nima, wata unguwa a Accra ta Ghana, inda duk wanda ya sauko daga mota sai ya yi ido biyu da ita. Ga ta cikin zanen ƙungiyar matan coci, ɗankwali ya zauna daram, tana wani murmushi da mai hoto ya gyara har ya mayar mata da haƙoran da ta rabu da su tun zamanin mulkin Shugaba Kufuor. A ƙasa aka rubuta shekara 98. Gaskiyar magana ba wanda ya san shekarunta. Ita dai lissafinta ɗaya ne: an kawo ta Ankara, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Accra, tana amarya, a shekarar da aka harbe tsoffin sojojin nan uku a kan hanyar fadar gwamna a Osu, wato 1948. In ka ba ta sha bakwai a lokacin, ka ga 93 ke nan. Da na yi magana sai Kawu ya ce, "Bar shi haka, ɗana, 98 ya fi cika baki."

Mun ƙara mata shekara biyar a kan leda, alhali huɗun ƙarshe da Allah ya ba ta da gaske a ɗaki ta yi su, ita da bango. Wannan ne ya hana ni barci tun bayan jana'izar, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami. Coci-coci da masallatan ƙasar nan a kan gadon bayan tsofaffin mata suke tsaye, matan da ba a taɓa biyan su ko kobo ba. Ranar da ƙafa ta gaza musu sai mu manta hanyar ɗakinsu, ranar da suka cika kuma mu tuna da su da ganga da rumfa. Na ce wannan bashi ne, kuma bashin da ba a biyan gawa.

Ni Musulmi ne, gara in faɗa tun da wuri. Mahaifiyata ta auri Bahaushe ɗan Zango ta musulunta, uwarta kuwa ta rayu ta mutu a kan Katolikancin da ta taso da shi daga wani ƙauye kusa da Navrongo, garin da limaman Katolika suka sauka tun 1906. Mijinta tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin Bama, wato Burma, kuma da yake Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, da ita suka yi zaman aurensu a Nima, da ita ta yi cinikin koko da ƙosai shekara da shekaru, da ita take yi mana faɗa. In ta fusata sosai ne take komawa yarenta, mu kuma mu san yau ba lafiya.

Kowace Asabar, da ta sauke kaskon ƙosai ta wanke hannu, sai ta ɗauki tsintsiya biyu da bokiti ta nufi coci. Ta fara tun cocin yana rumfar kwano da benci shida. Shara ce ta farko, sai goge benci, sai kankare kakin kyandir da ya ɗiga a ƙasa da wata tsohuwar wuƙa da ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Ƙyallayen bagade a gida take wanke su, a wani baho na daban, ta sa bula, ta sa sitati, ta goge da dutsen guga na gawayi ko bayan da aka kawo wuta gidan, wai na lantarki ba ya kwantar da lilin yadda take so. Na taɓa zama na buga lissafi: shekara 60 na Asabar ya haura Asabar 3,000. Ban sa Lahadi a ciki ba, ban sa makon Ista ba, wanda kusan a can take kwana.

Shara ma ita ce ƙaramin aikin. Duk baƙon da ya sauko daga arewa bai san kowa ba, in ya faɗa coci, wurin Kaka ake tura shi. Ta yi tafinta tsakanin sababbin zuwa da Fada, limamin cocin, ta raka masu naƙuda asibiti da tsakar dare, ta kai tuwon zafi da miyar ayoyo asibitin Korle Bu a cikin kwanon sha uku da ta ɗaure da ɗankwali. 'Yan matan nan masu dako a kasuwa da ake kira kayayei, in ɗaya ta kwanta ciwo ba dangi, sau da yawa a tabarmar ɗakinta take warkewa, ba ta tambayar ko Kirista ce ko Musulma. In mace ta mutu ba mai ita, Kaka ce ke shiga ta wanke ta. A 1983, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da Najeriya ta koro mutanenmu wajen miliyan guda, lokacin da ƙashin wuyan mutane ya fito fili har ake kiransa sarƙar Rawlings, shugaban ƙasa na lokacin, abincin agaji ya zo ta hannun coci, aka ɗora ta a kan awo. Har gobe akwai Alhazai a unguwar nan masu furfura da za su gaya maka da masarar mudun Kaka aka yaye su.

A gida "maigidana" take kirana, irin wasan kaka da jika da ta koya wurin Hausawa ta fi su iyawa. Da azumi ita ke buga mana ƙofa lokacin sahur, don ta riga ladan tashi. Kazar Kirsimeti kuwa sai ta aika an kira malamin maƙwabta ya yanka, don kowa a gidan ya ci ba tare da wasiwasi ba. Boko bai ratsa ta ba, saboda haka ni ne mai karanta mata Littafi Mai Tsarki na Hausa da wani ya taho mata da shi daga Kaduna. Na taɓa tambayar Baba ko akwai laifi, ya ce, "Uwar uwarka ce. Karanta mata, ka zo mu yi magariba." Shi ya sa a 2019, da Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ya shiga cocin Christ the King ranar Lahadin Ista, yana bikin cika shekara 100, duniya ta yi ta yayata hotunan, Kaka ta kalli talabijin ta ce, "Allah ya ƙara masa lafiya. Amma mu ai mun daɗe a nan." Ta yi gaskiya. Zaman lafiyar da ake yabon Ghana da shi, a tsakar gida aka dafa shi kafin manya su kai shi gaban kyamara.

Korona ce ta fara raba ta da tsintsiya. A watan Maris na 2020 aka rufe wuraren ibada, da aka buɗe kuma aka ce tsofaffi su ɗan dakata. Kafin dakatawar ta ƙare gwiwoyinta sun riƙe. Wanda ya san Nima ya san lungunanmu: mota ba ta shiga, keken guragu ma sai an ɗaga shi an tsallake gwata. Daga ɗakinta zuwa ƙofar coci bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba ga mai ƙafa, amma a wurinta ya zama kamar Navrongo. Da farko katikis, mataimakin Fada, yana kawo mata jibin Ubangiji duk wata. Sai ya koma lokacin Ista da Kirsimeti. Aka canja Fada, sabon bai taɓa jin sunanta ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba wata takarda da aka miƙa masa mai ɗauke da shi. Masu zuwa ba fashi tsofaffi biyu ne 'yan'uwanta a shara, kowace Alhamis, su zauna su ja carbinsu tare. Ɗaya ta rasu, ɗayar ido ya tafi.

Kada in ɗora wa coci kaya in tsame kaina. Ina zaune a unguwar Madina ta nan Accra, mota ɗaya ce zuwa Nima, amma sai in yi wata biyu ban leƙa ba. Ina tura kuɗi ta MoMo a waya ƙarshen wata in ji kamar na sauke nauyi. Ranar da na je na ƙarshe tana cikin hayyacinta, ta riƙe hannuna ta ce, "Maigidana, kuɗinka suna zuwa, amma ba sa gaishe ni." Na yi dariya don in kore maganar. Zumunci a ƙafa yake, tun muna yara muke jin haka, sai muka mayar da shi cikin waya.

Da ta cika kuwa, sai ga duniya. Aka kai ta firijin ajiye gawa, ta yi wata uku a can ana jiran 'yan'uwa su sami hutu daga Jamus da Amurka, ana jiran a yi wa gida fenti, a gyara bayan gidan da ta yi shekaru tana fama da tsayin dokinsa. Aka yi zaman mako guda, shi kansa ƙaramin biki ne. Aka fitar da zane baƙi da fari na Asabar, da fari na Lahadin godiya. Rumfuna sun toshe titi, 'yan badujala suna busa, masu abinci sun zo da motarsu, aka kafa teburin karɓar gudummawa da rasit da mai shela a lasifika. Aka buga ɗan littafi mai shafi 32 cike da yabo: uwa ga marayu, ginshiƙin ikilisiya, itacen inuwa ya faɗi. Ƙungiyoyin coci suka zo cikin kayansu, layi-layi, suka rera waƙa har na ji tsigar jikina ta tashi. Ina tsaye ina ƙirga fuskoki, ina tambayar kaina nawa ne cikinsu suka san launin labulen ɗakinta.

A taron dangi na ga kuɗin akwati kaɗai ya fi abin da muka kashe mata a magani cikin shekara uku. Na ce, "Kawu, da mun rage wannan." Ya dube ni ya ce, "Ku Musulmi kun saba ku naɗe mutum a ƙyalle ku kai shi kafin la'asar. Mu uwarmu ba kaza ba ce. So kake a ce 'ya'yanta sun gaza?" Na yi shiru, don a gaban mutane ne, kuma shi ne babba. Amma amsar tana bakina: mun gaza tun tuni, Kawu, ba dai wanda ya gani ne.

Na san abin da za a ce mini, an ma faɗa. Wai Kaka don Allah ta yi, ladanta yana sama, in ka kawo maganar biya ka ɓata mata aiki. Na yarda da rabin farko. Da wani ya miƙa mata albashin shara da ta jefe shi da tsintsiya. To amma niyyarta tsakaninta da Ubangijinta ce, ba ta sauke wa waɗanda suka ci moriyar aikin nasu nauyin ba. Kuma littafin da na yi ta karanta mata bai bar wannan magana a buɗe ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 6, rigimar farko da ta taso a cikin ikilisiya a kan matan da mazansu suka mutu ce, waɗanda ake tsallakewa wajen rabon abinci na kullum, har sai da aka zaɓi mutum bakwai aka ɗora musu aikin, cikinsu har da Istifanus. A wasiƙar farko zuwa ga Timoti sura ta 5 kuma an yi maganar rubuta sunayen irin waɗannan mata, daga mai shekara 60 zuwa sama, wadda aka santa da renon yara da saukar baƙi da taimakon masu wahala. Rajista ce fa, da suna da sharaɗi, kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Wannan surar dai ta fara ɗora nauyin a kan 'ya'ya da jikoki, saboda haka ni ma ta kama ni. Yau coci yana da littafin baiko, da littafin kuɗin gini, da littafin waɗanda ake bin bashin kuɗin ƙungiya, amma ba littafin waɗanda suka daina zuwa don ƙafa ta ƙi.

'Yan'uwana na masallaci, kada mu gyara zama muna murmushi. Laifi tudu ne. Gaskiya ne ba ma ajiye gawa a firiji wata uku, amma mun iya sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da yayi, wato anko, iri biyu, da shinkafa buhu-buhu, a kan tsohuwar da ta mutu tana bin jikoki kuɗin maganin hawan jini. Wace ce ke share sashen mata a masallacin unguwarku? Wace ce ake bugawa ƙofa in mace ta rasu a yi mata wanka? Su wa ke kwana a bakin murhu daren Mauludi? Ka san sunansu na yanka, ko dai "Mma" da "Hajiya" kawai? Haka ladanin da muryarsa ta dushe aka sa yaro a madadinsa, da malamin makaranta da ya koya wa rabin unguwa Fatiha yanzu yana kwance a zaure. Akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim a kan wata baƙar mace mai share masallacin Madina. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa ganinta sai ya tambaya. Aka ce ta rasu, an binne ta, kamar dai sun ga lamarinta bai kai a dame shi ba. Ya ce don me ba ku sanar da ni ba, ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Malamai sukan kawo shi a babin sallar gawa. Ni abin da ke tsaya mini a rai tun farkonsa ne: shugaban al'umma guda, da duk abin da ke kansa, ya lura mai shara ba ta nan.

Gwamnati fa? Tana da nata kason. Fanshon hukumar SSNIT ta gwamnati sai wanda ya zuba kuɗi na aƙalla shekara 15, mai ƙosai a bakin gwata ba ta cikin wannan lissafi, haka yawancin matan kasuwa. Inshorar lafiya ta yafe wa mai shekara 70 kuɗin shekara, tallafin LEAP da aka fara a 2008 yana kaiwa ga wasu tsofaffi marasa galihu duk wata biyu, an kuma amince da manufar ƙasa kan tsofaffi tun 2010, aka kwashe sama da shekara goma ana maganar mayar da ita doka. A matsa musu, ina goyon baya. Sai dai katin inshora ba ya goya tsohuwa ya tsallakar da ita gwata, kuma ba ma'aikacin gwamnati da ya ci ƙosan Kaka bashi.

Masu kare manyan jana'iza suna da hujjar da ba zan raina ba. A nan dangi ke haɗuwa, a nan ake sasanta masu gaba, gudummawar da ake tarawa takan mayar da wani abu daga abin da aka kashe, kuma masu rumfa da masu ɗinki da masu girki da ita suke ci. Ƙasar da ta ba duniya akwatunan Teshie masu siffar kifi da mota, da masu rawa da gawa a kafaɗa, ba za ta koma binne mutum a ɓoye ba, ban ma nemi haka ba. Amma a 2020 doka ta ce kada a wuce mutum 25 a wurin binnewa, aka binne manyan mutane a haka, ƙasa ba ta tsage ba. Ashe yawan rumfa zaɓi ne.

Abin da nake nema bai kai kuɗin badujala ba. Kowane coci da kowane masallaci ya sayi littafi ɗaya, a rubuta sunan duk wanda ya yi wa wurin hidima ya gaza fitowa, da lungun da yake, da sunan mutum guda da aka ɗora wa duba shi. Mutum guda mai suna, domin in aka ce aikin kwamiti ne to na babu kowa ne. In an canja Fada ko Fasto ko liman, a miƙa littafin tare da makullai. Sai kuma asusun taimakon juna da kusan kowace ƙungiyar mata ke da shi. Kaka ta yi shekaru tana zuba nata ba fashi, ko a watan da ciniki ya mutu, amma dokar asusun ita ce sai ka mutu a fitar. Ranar jana'iza aka miƙa wa Kawu ambulan a gaban jama'a, aka tafa. Me zai hana a ce wadda ta haura 70 ta kwanta, a ba ta rabin rabonta tana da rai, ta sayi magani, ko a ɗauki samari biyu su riƙa kai ta ibada sau ɗaya a wata? Wata uwar ƙungiya ta ce mini in aka yi haka asusun zai karye. Na ce a rage tsadar furen da ake ɗorawa a kan akwati a gani.

Asabar ɗin da ta wuce na bi ta cocin don in mayar da wani makullin kabad da muka tsinta a ƙullin zanen Kaka. Ban shiga ciki sosai ba, na tsaya daga bakin ƙofa. Wata dattijuwa ce a duƙe tsakanin benci, hannu ɗaya a ƙugu, tana kankare kakin kyandir da murfin gwangwani. Za ta yi saba'in da wani abu. Na gaishe ta, na ce ni jikan wance ne. Ta miƙe da ƙyar, ta karɓi makullin ta juya shi, ta ce shekara huɗu suna ɓalle kabad ɗin nan da cokali. Da zan tafi na tambayi wani saurayi da ke jera kujeru a waje ko ya san gidan tsohuwar. Ya leƙa ta taga ya dube ta, ya ce yana jin ta wajen Maamobi take fitowa.